Yadda teburin bayanai ya lalace a sabar imel ta wani kamfani a Gombe, da yadda aka ceto shi

Wurin da na'urar

Kamfanin yana cikin garin Gombe, yana sayar da takin zamani, iri da maganin feshi, kuma yana da dillalai a Kumo, Bajoga, Dukku da Billiri. Da dillalan ta waya ake magana. Amma masu kawo kaya daga Kano, Legas da Fatakwal, da banki, da ƙungiyoyin da ke sayen iri su raba wa manoma, duk ta imel suke aiko da takardun farashi da na biyan kuɗi. Akwatunan imel 84 ne a ƙarƙashin sunan kamfanin.

Sabar, wato kwamfutar da ke karɓa da ajiye imel ɗin kamfanin, tana wani ƙaramin ɗaki kusa da ofishin akanta. Kwamfuta ce ta tebur mai faifan ajiya guda ɗaya, irin mai juyawa, tana kan Linux. Postfix ke karɓar saƙo da aikawa, Dovecot ke bai wa kowa damar buɗe akwatinsa, Roundcube ce shafin da ma'aikata ke shiga su karanta, MySQL kuma, manhajar da ke ajiye bayanai a tebura masu layuka, ita ke riƙe da bayanan da waɗannan ukun ke dogara da su. Wanda ya kafa ta ya daɗe da barin aiki. Wani matashi ne ke kula da ita yanzu, shi ne kuma mai kula da firinta, kyamarorin tsaro da intanet ɗin ofis.

Sai an gane abu ɗaya kafin a fahimci sauran labarin. A irin wannan tsari saƙonnin ba sa cikin MySQL. Kowane saƙo fayil ne mai zaman kansa a foldar mai shi, bisa tsarin Maildir. Abin da MySQL ke riƙe da shi kamar littafin maigadi ne a bakin ƙofa: sunan wanda ke da ɗaki a gidan, lambar ɗakin, da wanda za a miƙa wa saƙo idan an rubuta sunan sashe maimakon sunan mutum. Teburin mailbox ke da sunaye da kalmomin sirri a ɓadde, teburin alias ke da adireshin sashe-sashe, teburin domain ke da sunan kamfanin.

Waɗannan tebura uku a kan injin MyISAM suke, wato ɗaya daga salon da MySQL ke adana tebur da shi a faifai, wanda shi ne zaɓin farko na MySQL kafin sigar 5.5 ta 2010 ta mayar da InnoDB a matsayinsa. Da tsohon salo aka ƙirƙire su, kuma duk sabuntawar da aka yi an kwaso su yadda suke. Teburan Roundcube kuwa InnoDB ne. Sannan wanda ya kafa sabar ya sa ana rubuta lokacin shigar kowa na ƙarshe a cikin teburin mailbox ɗin kansa, don haka teburin da ya kamata a ce karanta shi kawai ake yi, yini ake ana rubutu a cikinsa.

Akwai UPS, na'urar da ke riƙe wuta da batir in an ɗauke, amma batirinta ya mutu, ba ya kai minti ɗaya. Akwai kwafin ajiya da ake ɗauka da mysqldump, manhajar kwafe teburan MySQL zuwa fayil, kullum da ƙarfe 1 na rana, a fayil mai suna ɗaya, a kan faifan nan ɗaya.

Ƙarshen Afrilu 2024: wuta ta tafi

Ranar 22 ga Afrilu 2024 ɓata-gari suka kayar da turaku huɗu na babban layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 da ya taso daga Jos zuwa Gombe. Gombe da yawancin Arewa maso Gabas suka shiga duhu na makonni, ana tsakiyar zafi.

Kamfanin ya koma kan janareta kacokan. Saboda tsadar man gas, da safe a tayar da babba, da rana a kashe shi a koma ƙarami, da yamma maigadi ya kashe komai. In matashin yana kusa sai ya rufe sabar da hannu kafin a sauya. In an aike shi banki ko sito, sai dai ta mutu da kanta. Babu na'urar sanyaya ɗaki, domin ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta.

A kwanakin farko abin da aka lura da shi kaɗai shi ne saƙon da aka aiko da dare sai da safe yake shigowa. Wannan ba matsala ba ce. Ƙa'idar aika imel ta tanadi cewa idan saba ta tarar da ƙofa a rufe, ta riƙe saƙon ta riƙa sake gwadawa na kwana 4 zuwa 5. Ita kanta Postfix kwana 5 take riƙewa in ba a sauya mata ba.

Makon farko na Mayu: alamar farko da gyaran farko

Wata safiyar Talata babu wanda ya iya shiga akwatinsa. Matashin ya duba kundin aikin sabar ya ga layi ɗaya yana ta maimaituwa: "Table './postfix/mailbox' is marked as crashed and should be repaired". Kundin Postfix kuma ya nuna duk wanda ya kawo saƙo daga waje ana ba shi amsa mai lamba 451, wato matsala ce ta ɗan lokaci, a dawo an jima.

Dalilin a bayyane yake. Teburin MyISAM yana da fayil na bayanai mai ƙarewa da MYD da fayil na fihirisa mai ƙarewa da MYI. Da zarar an fara rubutu, MySQL na sa alama a kan fihirisar cewa teburin a buɗe yake, sai an rufe shi lafiya take cire alamar. MyISAM ba ta da kundin da take fara rubuta abin da za ta yi kafin ta yi shi, saboda haka in wuta ta yanke ana tsakar rubutu, ba ta da inda za ta duba ta san inda ta tsaya. Tana iya tashi ta tarar da fihirisa na nuna wurin da babu komai, ko layi rabinsa sabo rabinsa tsoho.

Ya bayar da umarnin CHECK TABLE, ya tabbatar, sannan REPAIR TABLE. Cikin daƙiƙa guda amsa ta fito OK. Layuka 84 suna nan cif. Kafin azahar saƙonnin da ke jira a waje duk sun shigo.

Kafin makon ya ƙare abin ya sake faruwa, aka sake gyarawa ta hanya ɗaya. Ya nemi a sayi batirin UPS, aka ce a bari a ga ko wuta za ta dawo.

Mako na biyu: gyara mai sarrafa kansa

Damuwar manaja ita ce duk ranar da matashin ba ya nan, imel ya tsaya ke nan. Sai matashin ya nemo wani saiti mai suna myisam_recover_options, wanda ke sa MySQL ta gyara teburin MyISAM da kanta idan ta buɗe shi ta tarar ba a rufe shi lafiya ba. Ya sa masa ƙimar FORCE.

Saitin yana da zaɓuɓɓuka, kuma bambancinsu shi ne zuciyar lamarin. Idan babu FORCE, MySQL ta ga gyaran zai jawo asarar layuka, sai ta dakata ta rubuta cewa ta kasa. FORCE na nufin ta ci gaba ko da layuka za su salwanta. BACKUP kuma na nufin ta ajiye kwafin tsohon fayil ɗin bayanai, mai ƙarewa da BAK, kafin ta taɓa shi. Bai haɗa da BACKUP ba.

Daga nan ƙorafi ya ɗauke. Wuta ta yanke, saba ta tashi, kowa ya shiga. Mutum biyu sun ce kalmar sirrinsu ta daina aiki, amma 'yan sito ne da ba su cika buɗe imel ba, aka ɗauka mantuwa ce.

Ranar Alhamis wani mai kawo taki ya kira akanta daga Legas ya ce takardar da ya aiko ta dawo masa, wai babu mai wannan adireshi. Akanta ta ce ai ita ma tun jiya ba ta iya shiga ba, ta zaci intanet ne. Matashin ya ƙirga layukan teburin, ya samu 77. A kundin kurakuran MySQL ga shaidar nan tun safiyar Laraba: "Found 77 of 84 rows when repairing". A kundin Postfix kuma amsar ta sauya daga 451 zuwa 550, wato kora ta dindindin, tare da "User unknown in virtual mailbox table".

Ya buɗe kwafin ajiya. An riga an rubuta na Laraba da na Alhamis a kan wanda ya gabace su, layuka 77 ne a ciki shi ma.

Juma'a: MySQL ta ƙi tsayawa

Yana cikin ƙoƙarin mayar da sunayen bakwai da hannu, sai MySQL ta fara mutuwa tana tashi. Duk wanda ya buɗe Roundcube sai ta sake faɗuwa. A wannan karon ƙorafin daga InnoDB yake, tana cewa ta kasa karanta wani fayil, da lambar kuskure 5 ta Linux, wadda ke nufin faifai ya kasa bayar da abin da aka nema. Ya gwada REPAIR TABLE a kan teburan Roundcube, ta amsa masa cewa wannan injin ba ya karɓar irin wannan gyara. Wani ya ba shi shawara ta waya ya goge fayil ɗin ibdata1 ya sake tayar da MySQL. Allah ya sa bai yi ba, domin a wannan fayil InnoDB ke riƙe da bayanin teburanta, kuma goge shi kan raba mutum da su baki ɗaya.

Bayan sallar Juma'a aka kira ni, a matsayina na injiniya, in duba lamarin. Na tarar da ɗakin kamar tanda, faifan kuma in ka kasa kunne kusa da akwatin kana jin wani ƙas-ƙas da yake yi yana maimaitawa.

Manaja ya ce, "Injiniya, ni dai abin da nake so imel ya dawo yau."

Na ce, "Alhaji, in muka matsa ya dawo yau, mai yiwuwa mu rasa na shekaru. A ba ni zuwa Litinin. Duk wanda ya aiko saƙo daga yanzu, sabarsa za ta riƙe shi har mu buɗe."

Ya yi shiru, ya dubi akanta, sannan ya ce to.

Juma'a da yamma zuwa Asabar: tsayar da asara, sannan kwafi

Matakin farko shi ne tsayar da Postfix. Ƙofa a rufe ta fi ƙofar da ke korar baƙi, tunda wanda ya tarar da ita a rufe zai dawo, wanda aka ce masa 550 kuwa sabarsa ba za ta sake gwadawa ba. Akwai saitin soft_bounce da ke mayar da kora ta dindindin ta zama ta ɗan lokaci, amma tunda za a kashe na'urar gaba ɗaya, ba a buƙace shi ba sai ranar buɗewa.

Na biyu, tambayar faifan halin da yake ciki. Umarnin dmesg ya nuna kurakuran karatu birjik. Manhajar smartctl ta nuna lamba ta 5, wadda ke ƙirga guraben da faifai ya riga ya yi watsi da su, ba sifili ba ce, haka ma lamba ta 197, mai ƙirga guraben da ya kasa karantawa yake jiran hukunci a kansu. Lamba ta 9 ta nuna ya yi aikin da ya haura shekara biyar. Wannan ya bayyana abin da ya ɗaure wa matashin kai. InnoDB an gina ta ne ta jure yankewar wuta: tana fara rubuta kowane sauyi a kundinta, tana kuma rubuta kowane shafi mai kilobayit 16 sau biyu, ta yadda in an katse ɗaya za ta ɗauko ɗayan. In har ta ce ta kasa karanta shafi, sai a bar zargin wuta kaɗai a duba abin da ke ƙarƙashinta.

Ba a sake tayar da komai a kan wannan faifai ba, ko fsck, umarnin da ke duba da gyara tsarin fayilolin faifai, ba a yi masa ba. Aka cire shi, aka kai gidan wani ma'aikaci a Tumfure mai sola da inbata, aka haɗa shi da wata kwamfuta tare da sabon faifai irin SSD. Da GNU ddrescue aka kwashe shi. Amfaninta shi ne takan fara kwashe wuraren da ke da lafiya da sauri, ta tsallake masu wahala, sai daga baya ta dawo ta lallaɓa su, tana rubuta taswirar inda ta kai, ko an katse ta za ta ci gaba daga nan. Ta kwana tana aiki. Da safe abin da ya gagara bai kai megabayit ɗaya ba a faifai mai terabayit ɗaya. Aka sake kwafin wannan kwafin a faifai na uku, aka ajiye shi gefe, babu mai taɓawa.

Lahadi: ceto

A kan sabon faifan aka yi fsck, sannan aka tayar da MySQL da saitin innodb_force_recovery a mataki na 1. Matakansa shida ne. Na 1 yana cewa ta ci gaba ko ta ci karo da shafin da ya lalace, kuma muddin saitin na kunne ba ta yarda a ƙara, a sauya ko a goge layi. Daga mataki na 4 zuwa sama yana iya lalata bayanai har abada, shi ya sa ake farawa daga ƙasa, a hau ɗaya bayan ɗaya in dole ta yi. A nan na 1 ya wadatar.

Aka fitar da tebura ɗaya-ɗaya da mysqldump domin a ga wanne ne zai ƙi. Teburan users, contacts da identities sun fita lafiya, ma'ana littafin adireshin kowa ya tsira. Wanda ya ƙi shi ne cache_messages, kuma wannan ma'ajiyar wucin gadi ce da Roundcube ke sake cikawa da kanta. Aka kafa MySQL sabuwa fil, aka loda abin da aka fitar, aka ƙirƙiri wancan teburin babu komai a ciki.

Sauran aikin na haƙuri ne. An gano mutum bakwai ɗin ta hanyar jera foldojin Maildir a gefe ɗaya da sunayen cikin tebur a ɗaya gefen. Duk foldar da ba ta da layi, mai ita ne ya ɓace. Saƙonninsu na nan ba abin da ya same su. Kalmomin sirrinsu ne ba su dawo ba, aka ba su sababbi. An gwada teburin alias da tsofaffin kundayen Postfix, inda kowane saƙon da aka karkatar ke nuna adireshin asali a orig_to da kuma wanda ya karɓa, aka tabbatar bai rasa komai ba. A cikin saƙonnin da ke kan faifai, fayiloli kaɗan ne suka faɗa a guraben da suka mutu, aka gano su daga taswirar ddrescue, duk tsofaffi ne, biyu ma an same su a wayar mai akwatin.

Sai matashin ya zauna ya tsamo kowane layi mai 550 daga kundin Laraba zuwa Juma'a. Kowane layi na ɗauke da adireshin mai aikowa, wanda aka aiko wa, da lokaci. Ya miƙa wa akanta jerin ya ce, "Hajiya, waɗannan su ne aka kora. Sai an bi su ɗaya-ɗaya."

Litinin da bayanta

Kafin a buɗe, an mayar da teburan uku kan InnoDB da umarnin ALTER TABLE, an cire saitin FORCE, an kuma ware wa lokacin shiga nasa teburin. An sayi batirin UPS, aka haɗa ta da sabar ta kebul, aka sa manhajar NUT ta riƙa rufe na'urar lafiya in batir ya yi ƙasa. An gwada a gaban manaja: aka zare wuta daga bango, sabar ta rufe kanta, aka mayar, ta tashi ba ƙorafi.

Kwafin ajiya yanzu kowanne da kwanan watansa a suna, ana riƙe na wata guda, ana duba layin ƙarshe na "Dump completed" kafin a amince da shi, ana kuma tura adadin layukan mailbox ga matashin kullum. Kwafi ɗaya na zuwa faifan waje, ɗaya na barin ginin. An loda ɗaya a wata kwamfuta don a ga yana tashi.

Da ƙarfe 9 na safiyar Litinin aka kunna Postfix da soft_bounce, aka bar shi haka yini guda ko da an manta da wani suna. Saƙonnin Juma'a, Asabar da Lahadi suka yi ta shigowa har la'asar. Akanta ta bi jerinta ta waya, yawancinsu suka sake aikowa. Wata ƙungiya da ta nemi farashin irin masara ranar Laraba ta riga ta saya a wani wuri. Daga baya an sa wa ɗakin sola da inbata, kuma har layin Jos ya dawo teburin bai sake lalacewa ba.

Hukunci

Yankewar wuta ce ta fara lalata teburin, zafi da tsufa suka gama da faifan, amma babu saƙo mai shigowa ko ɗaya da ya salwanta ta dalilinsu. Duk lokacin da tebur ya ƙi buɗuwa, 451 ake bayarwa, saƙo na jira a waje. Asarar ta zo ne a kwana biyu da rabin da tebur ke buɗuwa lafiya lau alhali babu mutum bakwai a cikinsa. FORCE ba tare da BACKUP ba shi ya jawo wannan, kwafin ajiya mai suna ɗaya kuma ya share hanyar komawa baya.

REPAIR TABLE na farko daidai ne, ko ni shi zan yi, sai dai zan fara kwafe fayilolin teburin gefe, aikin da bai kai minti ɗaya ba a tebur mai layi 84. Inda aka kauce shi ne karo na biyu. Tebur ya lalace sau biyu a mako ɗaya, lokacin ne ya kamata a duba smartctl a kuma sayi batir, maimakon a nemi hanyar da gyaran zai riƙa faruwa ba a gani.

Ban ɗora wa matashin laifin duka ba. Ya nemi batir tun da wuri aka hana shi, an matsa masa imel kada ya tsaya ko na awa ɗaya, kuma shi ne ya ƙi goge ibdata1 a lokacin da kowa ke tsaye a kansa. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya wa manaja cewa rufe imel na kwana uku ba ya ɓatar da saƙo. Na ba kamfanin shawarar su duba mayar da sabar wata cibiyar ajiya mai tsayayyar wuta, ko da kuɗin hayar na bin dala. Sun zaɓi su riƙe ta a ofis, kuma da faifai biyu masu kwafin juna da za a ƙara mata, ina ganin za ta iya.